Waƙar shagon aski: yadda mazan Amurka suka kafa zumunci a kan murya huɗu

A garuruwa da yawa na Amurka da Kanada akwai dare ɗaya a kowane mako da wasu maza suke fita daga gidajensu bayan cin abinci, su taru a zauren makaranta ko na coci ko na unguwa, su jera bisa matakalai, su yi awa biyu ko uku suna rera waƙa. Babu ganga, babu jita, babu wani abin kiɗa. A cikinsu za ka tarar da lauya da direba da likita da malamin lakwal, wani lokaci har da tsoho da jikansa a sahu ɗaya. Ba a biyansu ko dala, su ne ma suke biyan kuɗin ƙungiya duk shekara. Wannan salo suna kiransa barbashop, wato waƙar shagon aski.

Ga Bahaushe abin yana da ban mamaki. A wurinmu waƙa sana'a ce mai gidajenta, kuma magidanci mai mutunci ba ya cika ɗaga murya cikin jama'a. Amma tarihin waɗannan ƙungiyoyi ya cancanci malamai da iyaye su san shi, domin a cikinsa akwai labarin yadda ake haɗa manya da yara a wuri ɗaya, akwai kuma labarin yadda aka ƙwace wa wasu mutane abin da suka ƙirƙira, aka rufe musu ƙofa tsawon shekaru.

Mu fara da ita kanta waƙar. Mun saba da mawaƙi yana bayarwa, ƴan amshi suna karɓa. A barbashop mutum huɗu ne suke furta kalmomi iri ɗaya a lokaci ɗaya, kowa da nasa matakin murya. Jagora shi ne yake riƙe da karin waƙar. A samansa akwai mai siririyar murya, ana ce masa tenor. A ƙasa akwai mai kaurin murya, wato bas. Na huɗu, bariton, aikinsa cike gurbin da sauran ukun suka bari, shi ya sa idan ka saurari rabonsa shi kaɗai sai ka ji kamar ba waƙa ba. Idan muryoyin huɗu suka daidaita sosai, amonsu yana ƙarfafa juna har kunne ya ji wata murya ta biyar a sama wadda babu wanda yake yin ta. Wannan amo shi ne abin da mawaƙan suke nema, kuma ba ya samuwa sai kowa ya rage tasa muryar ya saurari ta maƙwabcinsa. Idan mutum arba'in ko ɗari suka taru, sai a raba su kashi huɗu bisa wannan tsari.

Shekaru da dama ana faɗin cewa asalin abin daga Ingila yake, inda a ƙarni na 17 masu aski kan rataye abin kiɗa a shago don masu jiran layi su ɗebe kewa. Wannan al'ada ta faru da gaske, sai dai salon muryoyi huɗun da ake yi yau a wani wuri ya tsiro. A shekarar 1992 wani mai bincike, Lynn Abbott, ya wallafa dogon nazari a mujallar American Music, inda ya tattaro tsofaffin jaridu da shaidar mawaƙa, ya nuna cewa a tsakanin baƙaƙen fata na kudancin Amurka salon ya girma, daga shekarun 1880 zuwa farkon ƙarni na 20. Bayansa Jim Henry ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan wannan batu, Gage Averill kuma ya fitar da littafi a 2003, duka suka ƙarfafa maganar.

Dalilin shagon aski a bayyane yake. Bayan an soke bauta a 1865, aski yana cikin ƴan sana'o'in da baƙar fata yake iya riƙewa ya tsaya da ƙafarsa. Dokokin wariya sun hana su shiga gidajen wasa da otal da kulob na fararen fata, sai shagon aski ya zama majalisarsu: a nan ake jin labari, a nan ake gardama, a nan kuma ake haɗa murya idan aiki ya lafa. Ba sa amfani da takarda, da kunne suke laluben sautin da ya dace har su dace da shi. Marubuci James Weldon Johnson, wanda ya tashi a Jacksonville ta jihar Florida, ya ba da labari a 1925 cewa a ƙuruciyarsa shagunan askin garin kusan kowanne yana da mawaƙansa huɗu. Louis Armstrong tun yana yaro yake waƙa da abokansa uku a titunan New Orleans suna samun ƴan kuɗi. Ƴan uwan nan da suka yi suna da Mills Brothers, mahaifinsu mai aski ne a garin Piqua na jihar Ohio, kuma a ƙofar shagonsa suka fara.

Da aka fara sana'ar faifan garmaho, kamfanoni suka fi ɗaukar ƙungiyoyin fararen fata irin su Haydn da Peerless, su ne muryoyinsu suka shiga gidajen mutane. Waƙoƙi kamar Sweet Adeline ta 1903 suka bazu ko'ina. A 1910 aka fitar da wata waƙa mai ambaton sautin shagon aski a sunanta, ta taimaka wajen manna wa salon wannan suna. Daga shekarun 1920 sai rediyo da kiɗan jaz da makirfo suka canja ɗanɗanon jama'a, reza ta gida kuma ta rage zaman shagon aski. Zuwa 1936, lokacin da mai zane Norman Rockwell ya zana mawaƙa huɗu a shagon aski a bangon mujallar Saturday Evening Post, abin ya riga ya zama tuna baya, kuma dukan mutanen da ke cikin zanen farare ne.

Wannan kewar zamanin da ya wuce ita ta haifi ƙungiyar. A 1938 wasu mutum biyu ƴan garin Tulsa na jihar Oklahoma, Owen C. Cash, lauya mai aikin haraji, da Rupert Hall, ɗan kasuwar kuɗi, suka haɗu a wani otal a Kansas City, hira ta kai su ga waƙoƙin samartakarsu. Da suka koma gida suka aika wa abokai takardar gayyata. Ranar 11 ga Afrilu 1938 mutum 26 suka taru a saman ginin Tulsa Club suka yi waƙa. Cikin ƴan makonni taron ya ƙaru, jaridu suka ɗauki labarin, rassa suka fara buɗewa a wasu garuruwa. Cash mutum ne mai barkwanci, sai ya laƙaba wa ƙungiyar dogon suna da ake taƙaitawa SPEBSQSA, yana zolayar hukumomin gwamnatin Roosevelt masu sunaye na tarin haruffa. A 1939 aka yi gasar farko a Tulsa, wasu mutum huɗu daga garin Bartlesville suka cinye.

Shekara uku kacal da kafuwarta, ƙungiyar ta yi abin da ya bi ta har yau. A 1941 aka yi gasa a birnin New York, waɗanda suka yi nasara su ne Grand Central Red Caps, baƙaƙen fata huɗu masu ɗaukar kayan fasinja a babbar tashar jirgin ƙasa, ana kiransu haka saboda jar hular aikinsu. Su ya kamata su wakilci birnin a gasar ƙasa a St. Louis, amma shugabannin ƙungiyar suka hana su saboda launin fatarsu. Al Smith, tsohon gwamnan jihar New York, da Robert Moses, shugaban hukumar lambunan birnin, suka fice daga ƙungiyar don nuna ƙin amincewa. Duk da haka dokar ta zauna har 1963. Jikokin waɗanda suka ƙirƙiro salon sun yi shekara 25 a bakin ƙofa, kuma da aka buɗe kaɗan ne suka shigo, don sun riga sun kai muryoyinsu waƙoƙin coci da wasu salo na zamani. Sai a 2017 ƙungiyar ta karrama waɗannan mutum huɗu da takardar zama mambobi, bayan dukansu sun rasu.

Ɓangaren mata ma ya sha irin wannan rikici. An kafa Sweet Adelines a Tulsa a 1945. Da ta rubuta a dokokinta cewa farare kaɗai za su shiga, wasu rassa suka ɓalle suka kafa Harmony Incorporated a 1959.

Da farko mutum huɗu-huɗu ne ginshiƙin tafiyar, amma ba kowa ne yake da ƙarfin halin tsayawa shi kaɗai a kan rabonsa ba. Waƙar taro ta ba mai kunya da mai matsakaiciyar murya wurin fakewa, sai ta zama zuciyar kowane reshe. A 1953 aka fara gasar manyan ƙungiyoyi a Detroit, ta garin Grand Rapids ta zo ta ɗaya. Daga baya aka samu irin su Vocal Majority ta Dallas, mai mutum sama da ɗari, wadda ta ci zinariya fiye da sau goma tun daga 1975.

Gasa sau ɗaya ko biyu ake yi a shekara. Abin da ke riƙe da reshe shi ne hidimar mako-mako. Akwai shugaba da ma'aji da sakatare da ake zaɓa, akwai mai koyarwa, kowane kashi na murya yana da jagoransa. Baƙo idan ya zo, a daren za a gwada muryarsa, a ba shi takarda, a tsayar da shi kusa da wanda ya ƙware. Ba a sharɗanta masa iya karanta rubutun kiɗa, da saurare yake koya. Akwai wasu tsofaffin waƙoƙi 12 da ake so kowane mamba ya haddace, domin idan ya sauka a garin da bai san kowa ba ya iya samun mutum uku su haɗa murya nan take. Bayan an tashi, sai a zarce wurin cin abinci a ci gaba da hira da gajerun ƙarshen waƙoƙi da ake koya wa juna baki da baki.

Reshe yana shirya babban wasa na shekara, da kuɗin tikiti yake biyan hayar zaure da tufafi da tafiye-tafiye. Ranar 14 ga Fabrairu ana aika mutum huɗu-huɗu gidaje da ofisoshi su rera wa wanda aka biya dominsa, kuɗin ya shiga asusu. Suna zuwa asibitoci da gidajen tsofaffi kyauta. Idan mamba ya kwanta ciwo ana zuwa dubiya, idan ya rasu abokansa sukan yi waƙa a wurin jana'izarsa kamar yadda al'adarsu take. A 1964 ƙungiyar ta ɗauki wata cibiya da ke Wichita a jihar Kansas, mai kula da yara masu matsalar magana, a matsayin aikin taimakonta na bai ɗaya, rassa suka yi shekaru suna tara mata kuɗi.

Salon ya tsallaka teku. A Ingila an kafa ƙungiyar ƙasa a 1974, Suwidin da Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu su ma suna da nasu. A 2012 wasu samari huɗu ƴan Suwidin masu suna Ringmasters suka zama na farko daga wajen Arewacin Amurka da suka ci gasar duniya.

A gida kuwa tsufa ya kama ƙungiyar. A shekarun 1980 mambobi sun haura dubu 30, daga nan adadin ya yi ta sauka, saboda waɗanda suka shiga bayan yaƙin duniya na biyu suna mutuwa kuma ƴaƴansu ba su maye gurbinsu ba. Hakan ya tilasta gyara. Aka buɗe gasar ɗaliban jami'a a 1992, aka riƙa shirya wa ƴan makarantun sakandare ranakun koyo tare da malamansu na kiɗa. A 2004 aka taƙaita sunan zuwa Barbershop Harmony Society, a 2007 hedkwata ta tashi daga Kenosha ta koma Nashville, a 2018 kuma aka buɗe wa mata ƙofar zama mambobi. Misalin da ya fi jan hankali shi ne na garin Westminster a jihar California. Reshen ya kusa mutuwa, ƴan tsofaffin da suka rage suka miƙa shi ga wasu samari a 2002. Bayan shekara biyar, a 2007, samarin suka ci gasar duniya.

Mu ma muna da wuraren zaman maza. Duk wanda ya ratsa unguwannin Damagaram ko Maraɗi ko Yamai da dare ya ga fada, samari sun kewaye butar shayi, kuma iyaye da yawa suna kokawa da ita. Abin da tarihin barbashop ya nuna shi ne, zaman hira yana daɗewa ya yi amfani idan aka ɗora masa aiki mai wuya da ba ya yiwuwa sai da kowa, da rana tsayayya, da asusu, da dattijo da yaro a sahu ɗaya. Aikin yana iya zama wasan kwaikwayo ko ƙwallo ko karatun dare ko gyaran unguwa. Malamin da ya taɓa haɗa ƴan aji su rera abu tare ya san yadda yaro mai taurin kai yake koyon jiran lokacinsa. Sai kuma darasi na biyu, wanda ya fi shafar masu koyar da tarihi: fiye da shekara hamsin mambobin wannan ƙungiya suna rera waƙa ba su san daga hannun wa ta fito ba, har sai da wani ya koma ga tsofaffin jaridu ya tono. Duk abin da muke koya wa yara, na gida ko na waje, mu riƙa gaya musu sunan waɗanda suka fara shi.