Apophis: Dutsen da Tsunami Ta Danne Labarinsa

A ƙarshen Disambar 2004, masana taurari suka ƙiyasta cewa wani dutsen sararin samaniya mai faɗin kusan mita 340, wanda daga baya aka raɗa wa suna Apophis, yana da yiwuwar kashi 2.7 cikin ɗari na faɗo wa duniya ranar 13 ga Afrilun 2029. Ba a taɓa yin gargaɗi mai tsananin wannan ba, amma jama'a ba su firgita ba. Ranar 26 ga watan, igiyar tsunami ta halaka mutane fiye da 200,000 a gaɓar Tekun Indiya, hankalin duniya ya koma can. Kafin makoki ya lafa, tsofaffin hotunan watan Maris suka tabbatar dutsen wucewa zai yi. A daren da aka ambata, mazauna Afirka za su iya hango shi da idonsu.