Tarihin Kama Iska a Cikin Jinin Mamaci

Maƙalarmu ta wannan mako ta waiwayi wata tambaya da ta daɗe tana wahalar da likitocin binciken gawa: idan iskar da mutum ya shaƙa don maye ce ta kashe shi, yaya za a tabbatar?

A 1772 Joseph Priestley ya gano iskar naitiros oksaid a Ingila. A 1799 Humphry Davy ya shaƙe ta, ya ji nishaɗi, ya laƙaba mata "iskar dariya". Masu hali suka riƙa haɗa taro don shaƙarta. Sai a 1844 likitan haƙori Horace Wells na Amurka ya fara kashe zafi da ita. Wato maye ya riga magani da shekaru fiye da arba'in.

Guba irin asenik takan zauna a gawa, kuma tun 1836 James Marsh ya samar da gwajin gano ta. Ita kuwa iska sulalewa take yi daga jini. Mafita ta fara zuwa a 1952, lokacin da Archer Martin da Anthony James suka ƙirƙiro na'urar rarrabe sinadaran iska a Landan. A 1964 Gottfried Machata na Ostiriya ya inganta wata dabara wajen auna barasa a jini: a rufe jinin ruf a kwalbar gilashi, a ɗumama shi, a zuƙi tururin da ya taru a sama a tura cikin na'urar. Da wannan dabarar ake kama iskar dariya, gas ɗin laita da sinadarin toluwin har yau.

A 1970 likita Millard Bass ya wallafa rahoton matasan Amurka 110 da suka mutu farat ɗaya bayan shaƙe-shaƙe. Ya lura wasunsu sun zabura ko sun ruga da gudu kafin su faɗi. Bayanin shi ne, sinadarin na sa bugun zuciya ya rikice da zarar mutum ya firgita. Ita iskar dariya hana jiki iskar numfashi take yi.

Duk da haka, shaidar ba ta jira. In aka yi jinkirin ɗibar jini, ko murfi bai kama ba, ko ba a sanyaya kwalbar ba, adadin zai ragu. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin huhu da ƙwaƙwalwa.

A 2023 hukumar NDLEA ta sa ƙafar wando ɗaya da masu sayar da iskar dariya, Birtaniya ma ta haramta mallakarta don maye. Mu kuma ga sholisho a unguwanninmu. Yaro ya yanke jiki ya faɗi, a binne shi kafin la'asar, abokansa su koma kan tsummansu saboda ba wanda ya faɗa musu abin da ya kashe shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.