Ƙarar da Ke Tsaron Rai: Tarihin Fashewar Tukunyar Jirgin Ƙasa

Ranar 17 ga Yunin 1831, mai kula da wutar wani kan jirgin ƙasa mai suna Best Friend of Charleston, a jihar Karolina ta Kudu da ke Amurka, ya gaji da ƙarar tururin da ke fita ta bawul ɗin rage matsi, sai ya danne shi don ya samu shiru. Tururi ya rasa mafita, tukunya ta tarwatse, shi kuwa ya mutu sanadiyyar raunukan da ya samu. Domin kwantar da hankalin fasinjoji, kamfanin ya riƙa sanya tarago maƙare da dilolin auduga tsakanin kan jirgi da taragun mutane.

Abin da ke sa wannan fashewa muni shi ne ruwan da ke cikin tukunyar. Saboda matsi, a manyan injunan da suka zo daga baya zafinsa kan kai kusan digiri 200 ba tare da ya zama tururi ba. Da zarar ƙarfe ya tsage, matsin ya faɗi, wani ɓangare na ruwan kan rikiɗe nan take ya zama tururi mai cin wuri kusan ninki 1,600, abin da ke iya cilla tukunya mai nauyin tan da yawa nesa da layin dogo.

Wurin da ya fi rauni shi ne farantin ƙarfen da ke rufin ɗakin wuta. Muddin ruwa na lulluɓe da shi, yana jure zafi. Idan ruwa ya ja baya, sai ya yi laushi ya rufta. Haka ta faru a tashar Bitterfeld ta Jamus ta Gabas ranar 27 ga Nuwamban 1977, lokacin da ruwan tukunyar wani jirgin fasinja ya kusa ƙarewa. Mutum 9 suka mutu, har da direba da mai kula da wuta.

Injiniyoyi sun daɗe da fahimtar cewa hannun ɗan Adam na cikin haɗarin. A tsakiyar shekarun 1850, John Ramsbottom na Ingila ya ƙera bawul wanda ma'aikaci ba zai iya ƙara masa matsi ba. Taɓa shi sai dai ya saki tururi. An kuma dasa matosai masu dalma a rufin ɗakin wuta, waɗanda ke narkewa su yi gargaɗi idan ruwa ya yi ƙasa.

Duk da haka, na'ura ba ta maye gurbin kulawa. A 1995, farantin wani jirgin yawon buɗe ido ya rufta kusa da Gettysburg, ma'aikata uku suka ƙone. Bincike ya gano gilashin awon ruwa ya toshe da datti, ga ƙarancin horo. Wannan ya sa Amurka ta sabunta dokokin duba injunan tururi, shekara kusan 170 bayan hatsarin Charleston.