Na'urar sarrafa sauti ta dashen kunne

Na'urar sarrafa sauti ita ce ɓangaren waje na dashen kunne da ake yi wa masu tsananin kurumta. Ana maƙala ta a bayan kunne, ta ɗauki sauti ta mayar da shi saƙon lantarki, ta aika wa ɓangaren da likita ya dasa a ƙarƙashin fata, shi kuma ya motsa jijiyar ji. Graeme Clark ya yi dashe irin wannan a Melbourne ta Ostireliya a 1978.

Sauya na'ura

Ɓangaren ciki yakan daɗe shekaru da yawa, na waje ne ke tsufa. Sauya shi ba ya buƙatar sabuwar tiyata, amma dole sabon ya fito daga kamfanin da ya ƙera dashen, sannan masanin ji ya saita shi daidai da kunnen mai shi. A 2017 kamfanin Cochlear ya fitar da Nucleus 7, wadda ke karɓar kira kai tsaye daga iPhone. Wannan na da amfani a wuri mai hayaniya kamar kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, domin muryar mai kira ba ta cakuɗuwa da surutun jama'a.

Karin sauti

Dashen ba ya isar da hawa da saukar murya sosai, alhali Hausa ta dogara da su: karin sauti ne kaɗai ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Shi ya sa ko bayan sauyi ake buƙatar horon saurare, kuma kurame da yawa a Kano na riƙe da maganar hannu.