Kisan Ƙarshe a Wasannin Faɗa na Kwamfuta: Asalinsa, Ire-irensa da Ƙurar da Ya Tayar

Kisan ƙarshe wani salo ne a wasannin faɗa na kwamfuta, inda wanda ya yi galaba yake samun 'yan daƙiƙu bayan an gama karawa domin ya halaka abokin karawarsa ta mummunar hanya, kamar cire kai, fizge zuciya ko ƙonewa ƙurmus. Wasan Mortal Kombat, wanda ya fito a Amurka a 1992, shi ne ya shahara da wannan salo, kuma sunan da ya raɗa masa, wato Fatality, shi ya bi duniya. Kisan ba ya sauya sakamako, domin an riga an ci wasan kafin a yi shi. Duk da haka shi ne ya kai masu ƙera wasanni gaban Majalisar Dattawan Amurka, kuma yana cikin manyan dalilan da suka sa aka fara buga alamar shekaru a jikin kwalin wasanni.

Wasan ya daɗe da shigowa Arewa ta gidajen gem, inda yara da matasa ke biyan kuɗi su buga a na'urar PlayStation. Tun da aka fitar da na waya a 2015, ba ya buƙatar shago ko talabijin. Duk inda wayar zamani ta kai yana iya kaiwa, daga birnin Sakkwato har garuruwan kan hanyar Jega irin su Dogon Daji da ke Ƙaramar Hukumar Tambuwal, da ƙauyukan Kebbe.

Kisa a filin dambe

Kalmar kisa ba baƙuwa ba ce ga mai kallon wasan faɗa a ƙasar Sakkwato. A dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne da ake yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, ana cewa an kashe ɗan dambe idan hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa. Akan yi turmi uku, idan babu wanda ya faɗi sai a ce babu kisa. Irin wannan kisa ne ya ɗaukaka Shago, wanda Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa waƙa. Sai dai a dambe kalmar aro ce kawai. Da zarar mutum ya kai ƙasa an raba, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, gobe ya sake ɗaure hannu. Dukan wanda ya riga ya faɗi abin kunya ne a fili. Kisan ƙarshe na kwamfuta kuwa daga nan yake farawa: sai abokin karawa ya kasa kare kansa sannan wasan yake gayyatar mai nasara ya ƙarasa shi.

Yadda aka faro shi

Kamfanin Midway da ke birnin Shikago ne ya ƙera Mortal Kombat, ƙarƙashin jagorancin Ed Boon mai tsara manhaja da John Tobias mai zane. A lokacin wasan Street Fighter II na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 1991, shi ke jan kasuwa a ɗakunan wasa masu injinan da ake jefa wa tsabar kuɗi. A cikinsa, idan ɗan faɗa ya sha duka da yawa sai jiri ya ɗebe shi, ya tsaya yana layi, abokin karawa ya samu bugu kyauta. Masu Mortal Kombat suka ɗauki wannan jiri suka mayar da shi ƙarshen faɗa. Idan mutum ya ci turmi biyu, sai wata murya ta umarce shi da ya ƙarasa abokin karawarsa. Idan ya danna madannai bisa wani tsari na musamman, daga tazarar da ta dace, kafin lokaci ya ƙure, sai allo ya yi duhu, kisan ya auku.

Abu biyu suka ƙara wa abin armashi a wurin matasa. Na farko, ba zanen barkwanci aka yi ba, mutane na gaske aka ɗauka hoto suna motsi aka saka a wasan. Na biyu, ba a rubuta tsarin madannan a jikin injin ba, don haka ya zama sirri da ake gaya wa juna baki da baki, wanda ya iya kuwa sai a taru a bayansa ana kallo. An taɓa ganin sare kai a wasan Barbarian da aka yi a Ingila a 1987, amma Mortal Kombat ne ya ba kowane ɗan faɗa kisan da ya keɓanta da shi.

Waɗanda suka fi zama a zukata

'Yan faɗa bakwai ne a wasan farko. Wanda kisansa ya fi tayar da hankali shi ne Sub-Zero, da yake fizgo kan abokin karawa tare da ƙashin bayansa ya ɗaga sama. Wani ɗan ta'adda mai jan ido na ƙarfe da ake kira Kano, wanda sunansa ba shi da alaƙa da birnin Dabo, yana cusa hannu a ƙirji ya ciro zuciya tana bugawa. Scorpion yana yaye abin rufe fuskarsa, ƙoƙon kai ya bayyana, ya feso wuta ta cinye mutum har sai ƙasusuwa. Johnny Cage yana cire kai da naushi ɗaya, Raiden kuma yana tarwatsa shi da wutar lantarki. Akwai kuma wata gada da ake iya wurgo mutum daga kanta ya faɗa kan tsinin ƙarafa. Liu Kang ne kaɗai nasa ba shi da yanka ko ƙuna, domin a labarin wasan almajirin gidan ibada na Shaolin ne.

Ganin kasuwar ta buɗe, wasu kamfanoni suka bi sahu. Samurai Shodown da Eternal Champions a 1993, da Killer Instinct da Primal Rage a 1994, duk sun zo da nasu salon ƙarasa abokin karawa.

Gaban majalisa da kotu

Ƙura ta tashi ne da wasan ya bar ɗakunan wasa ya shiga gidaje a ranar 13 ga Satumba, 1993. Kamfanin Nintendo ya mayar da jinin kamar gumi, ya sassauta wasu kashe-kashen. Kamfanin Sega kuwa ya ɓoye jinin a bayan wani tsarin madannai da kowane yaro ya haddace cikin 'yan kwanaki. Na Sega ya fi ciniki nesa ba kusa ba, har Nintendo ya bar jinin a wasa na biyu.

A ranar 9 ga Disamba, 1993, Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka kira zaman sauraron bahasi a Majalisar Dattawa, aka nuna hotunan wasan. Sanatocin suka gargaɗi kamfanonin cewa idan ba su kafa tsarin tantancewa da kansu ba, gwamnati za ta kafa musu. A 1994 aka kafa hukumar ESRB mai raba wasanni bisa shekaru. Turai ta kafa tata mai suna PEGI a 2003.

Jamus ta hana sayar da wasannin farko na Mortal Kombat. Ostireliya ta ƙi amincewa da wanda ya fito a 2011, sai da ta ƙirƙiro rukunin 'yan shekara 18 a farkon 2013 sannan ta bari aka sayar. Mortal Kombat 11 na 2019 bai fita a Japan ba. A Amurka kuwa, Kotun Ƙoli ta soke dokar Jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni, a watan Yunin 2011, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, bisa hujjar 'yancin faɗin albarkacin baki.

Daga ba'a zuwa haja

Masu wasan sun mayar wa masu suka martani da ba'a. A Mortal Kombat II na 1993 sun ƙara Friendship, inda mai nasara ke miƙa kyauta ko ya taka rawa maimakon kisa, da Babality, inda wanda aka ci yake komawa jariri mai kuka. Da aka sassauta kisan a wasan 2008 da aka haɗa da jaruman DC irin su Superman da Batman, masoya wasan suka yi ta ƙorafi. Midway ya durƙushe a 2009, Warner Bros. ya sayi wasan, kuma daga 2011 aka koma ga jini da sabon salo da ke nuna ƙashi yana karyewa a cikin jiki kamar hoton asibiti. A 2015 aka fara sayar da hanyar yin kisan cikin sauƙi ga wanda ya kasa haddace madannai, a 2023 kuma aka sayar da wani kisa daban da kuɗi. Wani rahoto na 2019 ya ruwaito cewa wani ma'aikacin da ya yi aikin Mortal Kombat 11 ya kamu da ciwon firgici saboda yawan kallon munanan hotuna.

Abin da masana suka ce

Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa akwai 'yar alaƙa tsakanin buga wasannin tashin hankali da ɗabi'u irin su tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar da za a ɗora wa wasannin alhakin manyan laifuka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa jarabar buga gem cikin jerin cututtuka a 2019, sai dai abin da ta duba shi ne yadda wasa ke cinye karatu da barci da aiki, ko da na ƙwallon ƙafa ne.

Alamomin shekaru

A tsarin Amurka, harafin E na kowa ne, T na ɗan shekara 13 zuwa sama, M na ɗan 17 zuwa sama. Tsarin Turai lambobi yake amfani da su: 3, 7, 12, 16 da 18. Mortal Kombat na wannan zamani M ne a Amurka, 18 a Turai. Ana ganin irin wannan alama a ƙarƙashin sunan manhaja a Play Store, kuma waya da PlayStation duk suna da wurin da iyaye za su kulle wasannin manya.

Matsalar a nan ita ce yawancin wasanni ba sa zuwa da kwali. A kan faifan kwafi ko rumbun ajiya ake ɗora su, ko a tura daga waya zuwa waya, alamar ta ɓace a hanya. A gidan gem kuma ɗan shekara 8 da ɗan shekara 20 benci ɗaya suke zama, allo ɗaya suke kallo. Don haka abin da ya rage wa uba ko mai shago shi ne ya san sunan wasan, ya tsaya ya kalli turmi ɗaya har ƙarshensa, sannan ya yanke wa zai bari ya buga.