Me ya sa ake cire famfon zuƙar iska daga tsofaffin ƙananan jiragen sama?

Matuƙin jirgin da ya shiga cikin gajimare ba ya iya dogara da jikinsa. Da zarar ido ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, sai kunnen ciki ya fara yaudararsa: jirgi na karkata, shi kuwa yana jin kamar a miƙe yake. Hakan na iya faruwa a cikin hazo mai kauri irin na hunturu a yankin Sahel. Abin da ke cetonsa shi ne na'urorin da ke gabansa, musamman guda biyu: mai nuna karkatar jirgi da mai nuna alƙiblarsa.

A ƙananan jirage irin su Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, waɗannan na'urori biyu ba da lantarki suke aiki ba. Kowace na ɗauke da wani ƙarfe mai juyawa, jairo, wanda ke riƙe tsayuwarsa kamar yadda katantanwar yara ke tsayawa cak muddin tana wulwulawa. Iska ce ke juya shi. Wani famfo da ke manne da injin yana zuƙe iskar cikin na'urar, sabuwa ta kutso ta matata, ta bugi gefen ƙarfen, ya riƙa zagayawa sau dubbai a minti guda. Jiragen da suka fi tsufa ma ba su da famfon. Wani bututu mai tsukakken ciki ne a jikinsu ta waje ke samar da zuƙar idan an tashi.

Dabarar ta daɗe. A ranar 24 ga Satumban 1929 ne Jimmy Doolittle ya tashi kuma ya sauka a filin Mitchel da ke New York ba tare da ganin waje ba, da taimakon na'urorin jairo na kamfanin Sperry.

Raunin tsarin yana cikin famfon. Yawancin waɗanda ake amfani da su yau busassu ne, ba a sa musu mai. Suna da 'yan fuka-fukai na kabon waɗanda ke cinyewa a hankali, sannan wata rana su farfashe ba sallama. Abin tsoron shi ne yadda na'urar ke mutuwa bayan nan. Ba ta tsayawa farat ɗaya. Jairon yakan rage gudu sannu a hankali, hoton ya fara karkacewa kaɗan-kaɗan, matuƙi kuma ya bi shi yana zaton gyara yake yi. Akwai ƙaramin mizanin da ke nuna ƙarfin zuƙar, wajen inci biyar a yawancin jirage, amma sau da yawa a gefe yake, inda ido ba ya yawan kaiwa.

A watan Mayun 2016 wani jirgi ƙirar Beechcraft Bonanza ya wargaje a sama a Syosset, ba nisa da filin da Doolittle ya yi gwajinsa, mutum uku suka rasu. Matuƙin ya sanar da masu kula da zirga-zirga cewa tsarin zuƙar iskarsa ya lalace, daga baya ya shiga gajimare, jirgin ya ƙwace masa. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa famfon ya wuce wa'adin shekara shida ko awa 500 da masu ƙera shi suka ƙayyade.

A wannan shekarar ce aka amince da sanya ƙananan na'urorin lantarki masu sauƙin kuɗi, Garmin G5 da Dynon D10A, a jiragen da ke da rajista. Daga baya Garmin GI 275 da uAvionix AV-30 suka biyo. Babu ƙarfe mai juyawa a cikinsu. Ƙananan ma'aunai ne irin waɗanda ke sa wayar hannu ta san an juya ta. Suna shiga ramin tsohuwar na'ura, suna da batirin ko-ta-kwana (na G5 kan kai awa huɗu), kuma idan suka rikice sukan nuna jan giciye a allo maimakon su ci gaba da nuna hoton ƙarya. Wannan, a ganina, ya fi duk sauran amfaninsu.

Aikin dai bai tsaya ga kwance dunƙule huɗu ba. Dole na'urar ta kasance an amince da ita ga wannan ƙirar jirgin, injiniya mai lasisi ya sa hannu, a sake lissafin nauyi bayan an cire famfo da tiyo-tiyonsa. Mai nuna alƙibla a wasunsu na buƙatar ma'aunin maganaɗisu, wanda akan ɗaura a fiffike nesa da ƙarafa. Babban cikas kuwa shi ne tsohuwar na'urar tuƙi mai sarrafa kanta: wasu daga tsohon jairon suke karɓar bayani, don haka sai an sayi abin haɗi, ko a bar famfon a wurinsa dominta kawai.

Akwai kuma masu jiragen tarihi da ba sa son allo mai haske a gaban jirgin 1940 da wani abu. Domin irinsu, AV-30 na iya nuna hoton da ya yi kama da tsohon agogon da aka cire.