Aƙiƙu: Tarihin Jan Dutsen Zobe da Hatimi

Aƙiƙu, wanda Larabawa suke ce wa al-aƙiƙ, dutsen ado ne daga dangin ƙanƙarar nan da ake ƙyasta wuta da ita, launinsa kuwa yakan tashi daga ruwan zuma har zuwa ja wur kamar garwashi, wani sa'i da fararen zane-zane a jikinsa. Tun cikin ƙarni na 19 fataken jauhari na Turai suka kasa duwatsun ado kashi biyu, suka keɓe daraja ta fari ga daimon da jan yaƙutu da shuɗin yaƙutu da zumurrudu, sa'an nan suka tara sauran duka, har da aƙiƙu da fairuza da lazawardi, a daraja ta biyu. Wannan rabo na kasuwa ne, mutanen dā ba su san da shi ba. Wanda ya bi sawun aƙiƙu cikin tarihi zai tarar cewa yawansa da sauƙin kuɗinsa, waɗanda suka sa aka mayar da shi baya, su ne kuma suka kai shi inda yaƙutu bai taɓa zuwa ba, daga wuyan sarauniyar Ur har zuwa yatsan talakan alhaji.

Suna da ɗabi'a

Malaman lugga sun ce asalin kalmar daga tsagawa ne, kuma daga wannan tushe aka sami sunan Wadil Aƙiƙ na Madina, kwarin da ambaliya ta tsaga, da kuma aƙiƙa, wato yankan ragon suna. Larabawa sukan bambanta jan aƙiƙu da ɗan'uwansa mai ratsin fari da baƙi, wanda suke kira jaza'u. Yunanawa kuwa sun laƙaba wa mai ratsin sunan kogin Akates na tsibirin Sisili, kamar yadda Tiyofarastus, almajirin Aristo, ya ambata a littafinsa na duwatsu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Yadda Allah ya hukunta samuwarsa shi ne, idan narkakken dutsen aman wuta ya huce ya daskare, yakan bar 'yan kogunan iska a cikinsa, ruwa mai ɗauke da sinadarin yashi ya riƙa tsatsafowa cikinsu yana ajiye shi hawa bisa hawa, shekaru dubbai, har kogon ya cika. Daga baya uwar dutsen ta ruɓe, ƙwallon ya faɗo cikin tsakuwar rafi. A ma'aunin taurin duwatsu mai daraja goma, wanda Bajamushe Firidirik Mos ya tsara a 1812, aƙiƙu yana tsakanin 6.5 da 7, don haka bakin wuƙa ba ya karce shi. Kuma da yake ba shi da jijiyar da yake tsagewa ta kanta, yana jure sassaƙa da huda. Jansa daga tsatsar ƙarfen da ke cikinsa yake, kuma masu sana'a sun gane tun zamanin dā cewa dutsen da aka haƙo shi fatsi-fatsi ko ruwan ƙasa, idan aka gasa shi a hankali cikin tukunyar yumɓu, sai ya rine ya yi ja. Mafi yawan jan aƙiƙun da ke hannun mutane wuta ce ta nuna shi.

Zamanin dā

Al'ummar farko da ta kai wannan sana'a matuƙa ita ce ta kwarin kogin Sindu, a ƙasashen Pakistan da Indiya na yau, inda a garuruwa irin su Harappa da Canhudaro da Lotal aka tono mazaunan masu huda dutse na shekaru fiye da 4,000 da suka wuce. Sukan yi dogayen duwatsun wuya, wasu har sun haura santimita 10, su huda su daga kai zuwa gindi da tsinken wani dutse mai tauri, aikin da kan ci kwanaki a kan ƙwaya guda. Sukan kuma zana musu farin ado da ruwan toka mai kama da kanwa, sa'an nan su gasa, zanen ya zauna har abada. Irin waɗannan duwatsu ne Lenad Wuli ya samu a makabartar sarakunan Ur ta ƙasar Iraƙi, wadda ya tona tsakanin 1922 da 1934, har da kabarin sarauniya Pu'abi, inda aka jera aƙiƙu da zinariya da lazawardi. Allunan yumɓu na ƙasar kuma sun ambaci cewa jan dutsen yana zuwa daga wata ƙasa mai suna Meluha, wadda akasarin masana suke ɗauka ita ce Sindu.

Misirawan zamanin Fir'auna suna tsintarsa a hamadar gabas da kogin Nilu, suna ganin launin jini da na rana a cikinsa, saboda haka suka riƙa yin layu da shi suna rataya wa matattu, suka kuma dasa shi a rufin fuskar zinariya na Tutankamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922. A cikin Attaura, dutsen fari daga cikin goma sha biyun da ke ƙirjin rigar babban limamin Bani Isra'ila jan dutse ne da masu tarjama da yawa suka fassara da aƙiƙu. Rumawa su kuma sun fifita shi wajen yin hatimi, domin kakin da ake rufe wasiƙa da shi ba ya manne masa, kamar yadda marubucinsu Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya lura.

A ƙasashen Musulmi

Tun zamanin Jahiliyya Yaman ce ta yi suna da wannan dutse, har ya zama idan aka ce aƙiƙu Yamani an gama yabo. Hamdani, masanin ƙasar na ƙarni na huɗu na Hijira, ya lissafa ma'adinansa, har yau kuma ana haƙarsa a duwatsun Anis na lardin Zamar, ana gyara shi a tsohuwar kasuwar San'a. Ya tabbata a ingantattun littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙi zoben azurfa sa'ad da ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakuna, aka gaya masa ba su karanta takardar da ba ta da hatimi. A ruwayar Muslim daga Anas an ce idon zoben na Habasha ne, wasu masu sharhi suka ce ana nufin jaza'u ko aƙiƙu, wasu suka ce ana nufin ƙirarsa ko launinsa. A ruwayar Buhari kuwa idon ma na azurfa ne. Haka kuma sarƙar Nana A'isha da ta tsinke a tafiyar da aka yi mata ƙazafi ta jaza'un Zafar ce, wani gari na Yaman.

Amma hadisan da ke yawo a bakin jama'a masu cewa sa aƙiƙu yana jawo albarka ko yana kore talauci, malaman hadisi na Ahlus Sunna irin su Uƙaili da Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597 Hijira, sun hukunta cewa ba su inganta ba, alhali a wurin Shi'a ruwayoyin falalarsa suna da yawa kuma ana aiki da su. Fuƙaha'u sun yi ittifaƙi a kan haramcin zoben zinariya ga namiji da halaccin na azurfa, Malikiyya suka ƙara da cewa kada nauyinsa ya wuce dirhami biyu, kuma an fi so a sa shi a hannun hagu. Wannan hukunci ne ya sa aƙiƙu a kan azurfa ya zama adon maza daga Magrib har zuwa Jawa. Masana ma'adinai su ma ba su bar shi ba: Biruni ya yi masa babi a cikin Kitabul Jamahir, Tifashi kuma, wanda ya rasu a 1253, ya sa shi cikin duwatsu 25 da ya bayyana a Azharul Afkar, ya kawo abin da tabibai suke faɗa na cewa yana kwantar da fushi lokacin husuma, yana tsayar da haɓo, garinsa kuma yana wanke haƙori. Ana iya ganin cewa kamar launinsa da jini ce ta haifi yawancin waɗannan zato.

Kambat da Idar

Duk da sunan Yaman, babbar kasuwar aƙiƙu ta duniya a dā a Gujarat ta Indiya take. Wani littafin matuƙan jiragen ruwa na Yunananci, na ƙarni na farko Miladiyya, ya ambaci fitar da shi daga tashar Baruc. Daga baya sana'ar ta tattaru a Kambat, ana kawo ɗanyen dutse daga Ratanfur kusa da kogin Narmada, a shanya shi a rana watanni, a gasa, a fasa shi a kan turken ƙarfe da gudumar ƙahon ɓauna, a huda da tsinke mai bakin daimon. Masu wannan aiki suna girmama kabarin wani waliyyi Bahabashe, Baba Gor, wanda suke danganta bunƙasar sana'ar gare shi, kuma Baturen Fotugal Duwarte Barbosa ya shaida a farkon ƙarni na 16 yadda ake loda dutsen zuwa Arabiya da gaɓar Afirka.

Kishiyar Kambat ta taso ne a Idar da Obastain, garuruwa biyu na Jamus a yankin kogin Nahe, inda masu wasa dutse suke kwanciya rubda ciki a gaban manyan duwatsun wasi da ruwa ke juyawa. Da ma'adinansu suka ƙare, sai 'yan ƙasarsu da suka yi ƙaura zuwa kudancin Birazil suka gano aƙiƙu mai yawa a can, suka fara aiko da shi a shekarun 1830. Suka kuma ƙware wajen rina shi, da zuma da ruwan asid don baƙi, da ruwan ƙarfe da wuta don ja. Suka kwaikwayi fasalin Kambat suka cika kasuwannin Alƙahira da Afirka da shi, kafin masu gilashin Bohimiya su kwaikwaye su su ma.

A Afirka ta Yamma

A Igbo-Ukwu, inda Tastan Sho ya yi tono a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964, an sami duwatsun ado fiye da 165,000 na gilashi da aƙiƙu, na wajen ƙarni na 9 ko na 10. An kuma sami shaidar cewa mutanen kwarin Tilemsi, arewa da Gao, suna huda nasu tun kafin zamanin ƙarfe. Hausawa sun san dogon jan dutsen nan da sunan tsakiya, sun kuma san talhatina, mai kusurwa uku da zobe a kai, wadda Buzaye suka fi ratayawa, wadda kuma aka riƙa kawowa daga Kambat da Idar ta hannun 'yan koli da alhazai. Fataken Hausa ne kuma suke ɗauko jan dutsen lantana, ɗan'uwan aƙiƙu wanda haske ba ya ratsa shi, daga yankin Kirtashi na bakin Kwara, kudu da Yamai, su kai Ilori, inda sana'ar huda shi ta koma bayan rushewar tsohuwar Oyo a shekarun 1830, daga can kuma ya shiga kayan sarautar Yarabawa da na Bini.

A wannan zamani mafi yawan ɗanyen dutsen daga Birazil da Yurugwai yake fitowa, Kambat tana nan tana aiki, ko da yake ƙurar wasi tana jawo wa ma'aikatanta ciwon huhu mai kisa, kasuwa kuma ta cika da na gilashi da na roba. Dillalai har yanzu suna rarrabe su da dabarun iyayensu: su ɗora dutsen a kumatu, domin na ainihi ya fi daɗewa da sanyi, sa'an nan su ɗaga shi a rana su duba, in sun ga ƙwayoyin iska a ciki ko sawun zubi a gefe, sun san gilashi ne.